Allon karrama malaman GST da aka yi mana a shagon bakin titi: aiki ya yi kyau, alƙawari ne sai a hankali

Assalamu alaikum jama'a. Duk mai neman inda za a yi masa allon karramawa, irin wanda ake miƙa wa mutum a taro a ɗau hoto a tafa masa, kuma yana nan yankinmu na Ringim da Taura ba ya son wahalar shiga Kano, to ga abin da na gani a wani shago da ke kan titin nan da ya bi ta Gujungu ya nufi Haɗeja. Tun daga farko in gaya muku, hannunsu yana da kyau, kuɗin ma ba laifi, amma in an zo maganar cika alƙawari da faɗa wa kwastoma gaskiyar inda ake yin kayan to nan ne muka samu tangarɗa. Sunan shagon ba zan rubuta ba tunda akwai ƙorafi a maganata kuma bawan Allahn nan da wannan sana'ar yake ci da iyalinsa, wanda yake so ya neme ni a gefe in kwatanta masa.

Mu 'yan ƙauyukan nan da muka yi jami'a ko muke kan yi mun saba haɗuwa bayan Sallah a makarantar firamaren garinmu, a gaisa a ci shinkafa a tattauna yadda za a taimaki ƙannenmu masu rubuta JAMB. To bana sai wata ƙanwarmu da ke aji uku ta ce wai don Allah maimakon kullum mu gayyato ɗan siyasa mu ba shi lambar yabo ya yi mana alƙawarin burtsatse ya kaɗe rigarsa ya tafi, me zai hana mu karrama malaman da suka koya mana GST. Dariya aka fara yi mata wallahi, wani ma ya ce GST ɗin da ake zuwa a yi barci? Amma da aka zauna kowa ya fara ba da labarin aji ɗayansa sai dariyar ta ɗauke.

Ga iyayenmu da waɗanda ba su shiga jami'a ba, GST kwasa-kwasai ne na dole da kowane ɗalibi sai ya yi ko me yake karantawa, mai karatun likita da mai noma da mai Larabci duk a ɗaki ɗaya. Sunan ne yake bambanta, a BUK an saba ce masa GSP, a ABU Zariya GENS, 'yan poli su ce GNS, 'yan kwalejin ilimi irin ta Gumel su ce GSE. Abin ma asalinsa daga Amurka aka kwaso shi ta hannun jami'ar Nsukka da aka buɗe a 1960 da taimakon jami'ar jihar Mishigan, daga baya ya game ƙasa. A sabon tsarin da hukumar jami'o'i NUC ta fito da shi a ƙarshen 2022, wanda ake kira CCMAS, inda hukumar ta tsara kashi 70 na manhaja ta bar wa kowace jami'a kashi 30, akwai GST 111 na Turanci, GST 112 na al'ummomin Najeriya da al'adunsu, GST 212 na falsafa da lojik, GST 312 na zaman lafiya da sasanta rikici, sai kuma ENT 211 da ENT 312 na koyon kafa sana'a. Kowanne yunit 2 ne kacal, shi ya sa ake raina su, amma ka ci ƙasa da maki 40 cikin 100 ka ga ikon Allah, kari-oba ce ta same ka kuma ba ka fita daga makarantar sai ka goge ta, akwai wanda na sani abokansa suna bautar ƙasa shi yana zaune da yaran aji ɗaya yana sake Turanci.

Mu yaran ƙauye kuwa wannan GST 111 ɗin ba wasa ba ne a wurinmu. Ka fito daga sakandaren gwamnati inda malamin Turanci da Hausa yake yi maka bayanin Turancin, ranar farko ka shiga tiyatar lakca, wato babban ɗakin karatu, ka tarar da mutane kamar kasuwar Gujungu ranar Lahadi, wasu a kujera wasu a ƙasa wasu a taga, lasifika in ta yi yau gobe ba batir, ga malami can ƙasa yana ta fama. Idan ka yi sa'a ka samu wanda ya damu da kai to ka tsira, ka koyi rubuta wasiƙa da taƙaita labari da yadda ake ɗaukar not, abin da zai bi ka har furojet ɗin ƙarshe. Idan kuma ka faɗa hannun wanda sai sati biyu kafin jarrabawa zai bayyana da handawut ɗin sayarwa to sai dai addu'a. Kuma wani abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba, shi lakcara ba da yawan ɗaliban da ya koyar ake ƙara masa girma ba, da yawan takardun binciken da ya wallafa ne, in zai zama farfesa ma takardun nasa ake aika wa wasu farfesoshi na waje su auna. Wato wanda ya zauna ya yi makin takardun ɗaruruwan yara ɗaya bayan ɗaya lokacin rubuta bincikensa ya cinye kenan, kuma yawanci ƙananan malamai ake jibga wa aikin. Lambobin yabon da muke ji a rediyo ma ku duba, ta Maltina da aka fara a 2015 ta malaman sakandare ce, wadda gwamnatin tarayya ke bayarwa ranar malamai ta duniya 5 ga Oktoba ita ma firamare da sakandare ta fi shafa, ita kuma NNOM da aka kafa a 1979 ta manyan masana ce da suka yi fice a fagensu. Shi mai koyar da aji ɗaya a tiyata sai dai ladan Allah.

Zaɓen da muka yi a WhatsApp ne, yaranmu suna warwatse ne, wasu a jami'ar tarayya ta Dutse, wasu a Sule Lamido ta Kafin Hausa, wasu a Wudil, wasu a BUK, don haka muka ce kowa ya kawo sunan malaminsa da hujja. Sharaɗin da muka sa ba mai wahala ba ne, yana zuwa aji a kan lokaci, ba ya tilasta sayen handawut, yana dawo da takardar tes ka ga inda ka yi kuskure, kuma in sakamakonka ya ɓata yana tsayawa a nemo shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi jawo surutu. Mutum biyu suka fito, wani Dakta mai koyar da Turanci da wata Malama mai koyar da zaman lafiya da sasanta rikici, sunayensu da makarantunsu na bar su saboda ban nemi izininsu ba. Ni aka ɗora wa aikin samo allon tunda ni ne sakatare kuma ni ke da babur.

Yanzu maganar shagon. Ɗaki ɗaya ne da rumfa a gaba, ciki akwai kwamfuta biyu da firinta da injin fotokofi da na leda, ga sola a sama ga ƙaramin janareta a gefe, bango duk an rataye samfur, kalandar saukar Alƙur'ani da katin biki da fostocin 'yan takara tun na 2023 da rana ta cinye. Mai shagon dattijo ne mai fara'a, ina shiga ya ce Malam sannu da hanya, ya sa aka miƙo min fiya wata mai sanyi ya ba ni benci. Wannan tarbar na ba ta maki cikakke, a Kano wani shagon sai ka gama tsayuwa ba a ɗago an dube ka ba. Ya fito min da kala uku. Na farko katako ne da aka manna wa sitika aka rufe da leda mai sheƙi, ya ce 8,000. Na biyu katako mai nauyi da farantin ƙarfe mai ruwan zinare da ake zana rubutun a jikinsa, 20,000. Na uku na gilashi mai gindi, irin wanda ake gani a ofishin manya, daga 35,000 zuwa sama gwargwadon girma. Na ce masa Alhaji gaskiya wanne ya fi ƙarko, bai yi min irin ta 'yan kasuwa ba, kai tsaye ya ce na sitikan nan kar ku kai wa malami, zafin bazara biyu ya ishe shi ya fara ɓantarewa daga gefe, na gilashin kuma yana da kyau amma in ya faɗi sau ɗaya an gama, ku ɗauki na tsakiya. Na tsakiyan muka ɗauka guda biyu, da satifiket biyu a firem, da banna ɗaya da za a ɗaura a bayan manyan baƙi. Ya rage min wani abu bayan mun ɗan ja, na ba da rabin kuɗi ta tiransifa, ya rubuta min rasit ba sai da na roƙa ba.

Wanda ya fi burge ni a shagon nan yaron da ke kan kwamfuta ne, ba zai wuce shekarun 'yan aji ɗaya ba. Mun shirya rubutun Hausa a sama Turanci a ƙasa, na Hausan yana cewa don ƙwazo da riƙon amana wajen koyar da ɗalibai. Da ya zuba shi a CorelDRAW, manhajar da suke dizain da ita, da wani salon rubutu mai lanƙwasa irin na katin aure sai duk inda ƙ da ɗ suke wani ɗan akwati ya fito a wurin, saboda yawancin waɗannan salon na ado ba a yi su da haruffanmu ba. Mai shagon ya ce a sa k da d kawai ai kowa zai gane, na ce Alhaji a'a, malamin harshe za a ba wa, shi da yake zagaye mana waƙafi da jan biro. Yaron bai ce uffan ba, ya ja kujera ya zauna ya ɗauki k ɗin salon nan ya zana mata ƙugiya da hannunsa, ya yi wa d ma haka, ya yi ta gyarawa har ta zauna daidai da kaurin sauran haruffan ba ka cewa ɗorawa aka yi. Sannan ya mayar da duk rubutun zane yadda ko an buɗe shi a wata kwamfutar ba zai canja ba. Na ce ƙanena a ina ka koyi wannan, ya ce Yaya a YouTube. Ya turo min hoton dizain ɗin a waya ya ce in nuna wa 'yan kwamiti kafin a zana don ƙarfe in an zana ba a gogewa. Wannan tsarin na turo samfur kafin aiki ya kamata duk masu irin wannan sana'a su ɗauka, a nan ne ma ƙanwar tamu ta lura an rubuta wa Malama Mrs alhali ta riga ta zama Dakta ita ma, aka gyara nan take ba gardama.

To ga inda ruwa ya fara tsami. Wannan maganar ta ko an buɗe a wata kwamfutar ita ta sa na tambaya wace kwamfutar kuma, sai a lokacin na gane ashe farantin ƙarfen da bannar ba a shagon ake yi ba, Kano ake turawa can wajen masu injin leza da babbar firinta, direban mota ya ɗauko ya kawo. Abin da ake yi a nan dizain ne da satifiket da firem, katakon kuma wani kafinta maƙwabcinsa ke yankawa ya goge ya shafa masa fenti. Ni wannan ba laifi ba ne a wurina, injin leza ba abin da za ka ajiye a garin da wutar NEPA sai ta ga dama ba ne, kuma ya ɗauke min kuɗin mota da yini guda a go-sulo. Abin da ya ɓata min rai shi ne da na tambaya da farko ya ce min komai nan muke yi Malam. Da ya faɗi gaskiya ai da na san aikin yana hannun mutum uku ne ba ɗaya ba, in yi lissafin lokacina a kan haka.

Kuma abin da ake gudu shi ya faru. Ranar da ya sa mana ta zo ta wuce, in na kira ya ce in sha Allahu gobe, goben ta zo ya ce direban ya manta da kayan a tasha, wata goben kuma wai masu injin ba su da wuta, har sai da shugaban kwamitinmu ya fara yi min wani irin kallo kamar ni na ci kuɗin. Allon bai shigo hannuna ba sai ana gobe taro da daddare bayan Isha'i, mai acaɓa ya kawo min har gida, a nannaɗe cikin tsohuwar jarida da leda baƙa, ba kwali ba komai. Haba Alhaji, abin 20,000 da za a miƙa wa Dakta a gaban dagaci? Dole matata ta nemo wani yadi mai kyau muka naɗe su da shi. Kuɗin acaɓan dai shi ya biya, wannan na yaba, kuma ya kira da kansa ya ba da haƙuri bai ɗora wa yaronsa laifi ba.

Shi kayan kansa fa, da na buɗe sai raina ya yi sanyi. Katakon yana da nauyi a hannu, an goge shi sumul ba tsaga, rubutun ya fito tar har ƙugiyoyin nan, farantin ya zauna daidai tsakiya kuma da ƙananan ƙusoshi huɗu aka kama shi ba gam kaɗai ba, a baya akwai ƙafar jinginawa a tebur da ramin ratayewa a bango duka biyu. Abin da na gani na aibu, a ɗaya daga ciki fentin bai gama bushewa ba aka naɗe, jaridar ta ɗan manne a kusurwar baya, ba a gani ta gaba amma ni na san yana nan. Satifiket ɗin takarda mai kauri suka sa, launin bai zuba ba, firem ɗin na roba ne ba katako ba amma da gilashinsa kuma ya yi tsaf. Bannar ce dai ban ji daɗinta ba sam, koren da muka zaɓa a waya ya fito kamar ruwan ganye da ya kwana, hoton Daktan kuma ya ɗan dushe, ko da yake yaron ya riga ya gargaɗe mu cewa hoton da aka tura ta WhatsApp yana raguwa in an buɗa shi ya yi girma, sai dai a turo shi a matsayin fayil. Ramukan ɗaure igiya ma huɗu kawai aka yi, iskar yamma na tasowa ta fara kaɗa ta, sai da yara suka riƙe.

Taron ba zan cika ku da labarinsa ba tunda ba shi na zo yi ba. Dukansu sun zo, Malama da mijinta, Dakta a motar haya ya sauka a bakin titi aka ɗauko shi a babur. Dagaci ne ya miƙa, muna ta ranka ya daɗe a matso a yi hoto. Daktan ya juya allon gaba da baya ya sa tabarau ya karanta Hausar a hankali, sannan ya ce 'ya'yana wa ya rubuta muku wannan, ba kuskure ko ɗaya, aka fashe da dariya don duk wanda ya zauna a ajinsa ya san daga bakinsa wannan ba ƙaramin maki ba ne. Malama kuma da aka ba ta lasifika sai ta mayar da wurin aji, ta shiga maganar manoma da makiyaya da burtali da yadda ake zama a sasanta kafin kaka, dattawan da suka zo don shinkafa sai ga su suna gyaɗa kai suna jefa mata tambaya. A nan ne wani baffana da bai taɓa taka jami'a ba ya ce ashe abin da ake koya muku kenan, to ai wannan mu ya kamata a koya wa. Yabon gwani ya zama dole, kuma ni a ganina jami'o'in da kansu ya kamata su riƙa yin wannan duk shekara, a raba wa ɗalibai fom su auna malaman GST, wanda ya yi fice a kira shi ranar yaye ɗalibai a gaban kowa kuma a sa abin cikin lissafin ƙarin girmansa, ba a bar wa 'yan ƙauye masu karo-karon dubu ɗai-ɗai ba.

In za a tambaye ni maki, a cikin 10 zan ba shagon 7. Tarba da dizain da ingancin allon sun ci, banna da kwali da alƙawari sun faɗi. Zan koma? Eh zan koma, amma da sharaɗi, kuma ku ma in za ku je ku yi haka. Ku faɗa masa ranar da ta riga ranar taronku da aƙalla sati guda, kar ku taɓa gaya masa ainihin ranar. Ku tambaye shi ƙarara wanne ake yi a nan wanne ake kaiwa Kano, yanzu dai na san zai faɗa. Kar ku biya duka sai kaya ya zo. Ku je da rubutunku a waya an riga an tantance sunan mutum da muƙaminsa, ku sa mutum biyu su duba samfurin ba ɗaya ba. Ranar Lahadi kar ku je don masu fotokofi da 'yan kasuwa sun cika wurin ba mai sauraron ku, haka watan Sha'aban lokacin da Islamiyyu ke sauka aikin kalanda da satifiket ya yi musu yawa, lokacin kamfen kuwa ku manta kawai, fostar ɗan takara ce a gaba da kowa. Maganar kwali kuma na yi masa, ya ce in an ƙara 1,500 zai sa a haɗo da akwatinsa daga Kano, to ku faɗa tun ranar da kuka ba da aikin a rubuta a jikin rasit.